Kawu Leonard da Hoton Mama Serah

Duk wanda ya taɓa sayen cajar waya a bakin kasuwar Wuse, wajen da tasi masu kore da fari ke sauke mutane, ya san Leonard. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tebur ɗaya gare shi, da lema mai yagaggen gefe, da kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da igiyar caja, amma a gaban teburin an rubuta da jan fenti: Injiniya Leonard, Masanin Harkokin Dijital. Shi ya rubuta da hannunsa. Injiniyancin ma shi ya ba kansa, ranar da ya liƙa wa wayar wani ɗan sanda gilashi ba tare da iska ta shiga ba.

Leonard ƙanin Mama Serah ne, mai ginin tukwane a Sheda, wadda ta rasu farkon daminar bara. Ta bar mijinta Baba Shekwolo, da ɗanta Nathan, da tuluna shida da matan zumunta ke kaɗawa a coci, da hoto guda ɗaya tak. Ba ta son hoto. In aka ɗaga waya sai ta juya baya ta ce a ɗauki tukunya, ita ce ta sayarwa. Na katin zaɓenta ya koɗe ya zama inuwa. Wanda ya rage, wani mai hoto ne ya ɗauke ta a taron zumunta shekara ashirin da suka wuce, tana tsaye riƙe da tulu: tsaga uku a kowane kunci, ga wushirya, ga kafaɗar dama da ta sauko ƙasa da 'yar'uwarta, saboda matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, su bar kai ya huta. Hoton yana rataye cikin firem a saman ƙofar ɗaki.

Akwai abin da Nathan bai faɗa wa kowa ba. Fuskar uwarsa ta fara guje masa. In ya rufe ido hannuwanta yake gani, da yumɓu a tsakanin yatsu, amma fuskar sai ta narke kamar gishiri a miya. Shi ya sa kowace safiya, kafin ya saɓa fartanya, yake tsayawa a ƙarƙashin firem ɗin ya sake haddace ta. Daga nan ya zagaya bayan ɗaki ya yayyafa ruwa a kan curin yumɓun da ta kwaɓa ba ta samu ta gina ba, ya mayar da buhu ya rufe. Shekara guda bai bar shi ya bushe ba, kuma ko shi bai san dalili ba.

Ranar Lahadi za a yi addu'ar cika shekara. A al'adar cocinsu, hoton mamaci ake ɗorawa a kujera a gaba, mata su yi waƙa, a ci tuwo a watse. Ranar Talata sai ga Leonard ya sauka daga acaɓa, da kwat a tsakiyar rana, da waya uku a hannu, ɗaya ce mai aiki. Wata huɗu yayarsa ta yi a kwance bai leƙo ba, wai kasuwa ba ta barin mutum. Ranar jana'iza ya iso bayan an rufe kabari, ya ɗauki bidiyon tukwanen shinkafa ya koma. Amma yau da shiri ya zo.

Ya dubi firem ɗin ya girgiza kai. Ya ce a ɗora wannan ɗan mitsitsin hoto a gaban mutanen Kwali da Gwagwalada, ai zubar da mutuncin gida ne. Shi zai mayar da shi dijital, ya buga shi a fosta mai girman ƙofar coci, yadda wanda ke kujerar baya ma zai ga yayarsa har ƙwayar ido. Baba Shekwolo yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba ya tambaya, shi dijital ɗin mene ne.

Leonard ya gyara kwat. "Baban Nathan, dijital shi ne abin da ba ya mutuwa. Takarda gara na ci, ruwa na ci, wuta na ci. Dijital ko duniya ta tashi yana nan." Ya ƙara da cewa sunan wani Bajamushe ne, Mista Dijita, wanda ya ƙirƙiro abin, kuma ƙanin mutumin ya taɓa sayen caja a teburinsa, mai kirki, ko musu bai yi ba.

Baba ya ce su yi abin da za su yi, amma hoton ya koma kan ƙusarsa kafin Lahadi. Ya tashi ya tafi gona. Nathan ya so ya hana. Abin da ya kashe masa baki maganar nan ce, ba ya mutuwa. Ya sauko da firem ɗin da hannu biyu.

A kan tabarma aka fara aiki. Da Leonard ya cire ƙusoshin baya, sai aka tarar damina ashirin ta manne hoton da gilashi. Nathan ya ce a ɗauka haka nan ta cikin gilashin. Leonard ya yi dariyar masana, ya ce gilashi na hana dijital shiga, ya zaro reza. Ya ɓamɓaro shi kuwa, sai dai kusurwar sama ta zauna a jikin gilashin da rabin ɗankwali. Ya ce ɗankwali ba mutum ba ne. Sannan ya hango wasu layuka a kuncin hagu, ya fito da kwalbar sifirit da yake goge fuskar waya da shi, ya jiƙa auduga.

"Kawu, tsaga ce. Ba datti ba ne."

"Ni za ka nuna wa tsagar yayata? Na gefenta nake nufi."

Shafa ɗaya ya yi. Ido ɗaya da kunci da rabin baki suka biyo audugar. Inda suke ya koma fari fat, kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa.

Nathan ya matso kusa. Ya dubi audugar da ta koma ruwan ƙasa, ya ji kamar ya karɓe ta ya adana. Mama Helen, shugabar matan zumunta, ta shigo aron turmi daidai lokacin. Ta tsaya a kansu ta dubi hoton, ta dubi Leonard. Ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando, kuma tun a lokacin duk abin da ya taɓa sai an ɗauko tsintsiya.

"Mama, ba ki gane kimiyya ba," in ji Leonard. "Dijital ba ya buƙatar fuska duka. A ba shi rabi, shi ya san sauran."

"Ya san Serah?"

"Ya san kowa."

"To in ya gan ta ya gaishe ta."

Ta saɓa turminta ta fita. Kafin rana ta faɗi duk unguwa ta ji cewa Liyo, kamar yadda suke kiran Leonard, ya cire wa Serah ido. Da Baba ya dawo daga gona bai nemi ganin hoton ba, don labarin ya tare shi tun a bakin rafi. Ya jingine fartanya ya tambayi Nathan ido nawa ya rage. Nathan ya ce ɗaya. Baba ya ce to ya bi ɗayan nan duk inda za shi.

Washegari Nathan ya bi kawunsa Wuse, hoton na cikin Baibul a ƙirjinsa. Tun a mota Leonard ya sanar da fasinjoji cewa hoto somawa ce kawai. Kafin baɗi zai mayar da Sheda gaba ɗaya dijital, da doya da awaki da kaburbura. Wata mai kwandon tumatir ta tambaya ko zai iya haɗawa da mijinta, ko ya daina kwana a gidan burkutu. Leonard ya ce ta turo masa hotonsa.

A kasuwa ma bai iya aiki a ɓoye ba. Ya kira Rilwanu tela, mai shago a bayansa, da mai lemo, da masu tura baro biyu, su zo su ga yadda ake dawo da fuska. Ya shimfiɗa hoton a tebur, ya ɗauke shi da wayar mai aiki, ya tura shi cikin wata manhaja da ya ce manyan Dubai ke amfani da ita. Wani zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar. Aka yi cirko-cirko.

Fitowar farko, manhajar ta cike gurbin da ido shuɗi irin na mage. Leonard ya ce gwaji ne, injin na ɗumama. Fitowa ta biyu, ta ɗauki inuwar da sifirit ya bari a haɓa a matsayin gemu, ta ba su wani dattijo mai ɗankwali. Rilwanu ya rantse ya san mutumin, doya yake sayarwa a Karu. Masu baro suka zauna a ƙasa don dariya. Leonard ya ce laifin sabis ne, ya hau kujera ya ɗaga wayar sama. Ƙafar da aka ɗaure ta kwance, ya sauko ta cikin cajojinsa, lema ta biyo shi. Ya tashi yana kaɗe kwat, ya ce ya kama sabis ɗin a hanyar saukowa.

A karo na uku ya danna duk wani maɓalli da ke cikin manhajar. Sai ga wata mata. Fara sol, fata sumul kamar ɓararren ƙwai, gashin ido zara-zara, jan baki, haƙora a jere ba inda iska za ta bi. Kafaɗu biyu a miƙe daidai kamar magini ya auna. Tulun da ke hannunta ya koma jakar hannu. Mai lemo ya ce masha Allah. Ɗaya daga masu baro ya tambaya ko tana da aure.

"Wannan ba mamata ba ce," in ji Nathan.

"Ita ce. Kafin wahala ta taɓa ta. Kai yaushe aka haife ka? Dijital ba ya nuna mutum yadda talauci ya mayar da shi. Yadda ya kamata ya zama yake nuna shi."

Nathan ya ce shi yadda take yake so. A koma hoton farko, mai rabin fuska, a buga shi haka. Leonard ya yi ta shafa waya yana tari. Ashe wayar ta cika, kuma don ya samu wurin ajiye kyakkyawar, ya goge duk waɗanda ya kira masu datti. Nathan ya ce ba komai, a sake ɗaukar na takarda. Ya miƙa hannu kan tebur. Babu komai a wurin sai cajoji.

A lokacin ne hancinsa ya ji ƙauri.

Ashe tun sa'ad da kowa ke dariyar dattijo mai gemu, Leonard ya zare hoton ya zura a ledar gilashin waya, ya leƙa shagon Rilwanu ya ɗora masa dutsen guga, wai don ledar ta kama shi ruf kada gumi ya ɓata shi. Masu shagon kwafi da inji suke yi, amma shi a wajensa injin ɓata lokaci ne, zafi ai zafi ne. Niyyarsa ya ƙirga biyar ya ɗauke. Sai kujera ta kayar da shi ya manta.

Rilwanu ya fito ƙofar shago riƙe da dutsen, ya juyo musu gindinsa. "Injiniya, dijital ɗinka ya dahu."

Leda da takarda sun narke sun zama baƙin ƙanzo. Rilwanu ya kankare da bakin almakashi a hankali, dariya ta bar fuskarsa. Abin da ya fita da rai yanki ne mai faɗin akwatin ashana: hannun Mama Serah, yatsu huɗu a wuyan tulu. Ya miƙa wa Nathan da hannu biyu ya ce Allah ya ba da haƙuri. Masu baro suka tuna suna da aiki.

Leonard ya ce to ga shi nan, maganarsa ce ta fito, takarda wuta na ci. Da ba don ya yi saurin mayar da ita dijital ba, da yanzu ba su da komai.

Nathan ya bi shi shagon buga fosta a saman bene, ba don ya yarda ba, sai don yana fatan a dace da wanda ya san aiki. Wata budurwa mai suna Nafeesa ce a kan kwamfuta. Kafin ta buɗe hoton Leonard ya fara karantar da ita tarihin Mista Dijita, har ya ƙara masa gashin baki da masana'anta a bakin teku. Ta bar shi ya kai ƙarshe. Sannan, idonta na kan allo, ta ce su dai a makaranta an koya musu kalmar daga Latin ta fito, daga sunan yatsa, saboda da yatsu mutane suka fara ƙirga. Daga yatsa ta koma nufin lamba, daga lamba ta koma kan duk na'urar da ke ajiye abu a matsayin lambobi. Babu Bajamushe a ciki, oga.

Leonard ya ce makarantun yanzu sun lalace.

Nathan ya ajiye yankin hoton a gabanta ya tambaya ko kwamfutarta za ta iya dawo da sauran. Ta daɗe tana duban yatsun nan huɗu.

"Ɗan'uwa, kwamfuta ba ta taɓa ganin mamanka ba. Fuskokin mata dubu ta haɗiye, in ka tambaye ta sai ta amayo maka ɗaya."

Ta ce in yana so za ta ƙara wa hannun nan girma ta buga da suna a ƙasa, ya fi kusa da gaskiya. Leonard ya ce hannu? A tara jama'a daga Kwali a nuna musu hannu, sai ka ce tallar sabulu? Shi ya riga ya buga wa rabin Sheda waya ya ce su zo su ga abin da ba a taɓa gani ba.

Nathan ya ce bai yarda a buga komai ba. Ya mayar da yankin cikin Baibul, ya sauka, ya shiga motar Gwagwalada. A gida ya nuna wa babansa. Baba Shekwolo ya dubi yatsun, ya dubi ƙusar da ke saman ƙofa, ya ce abinci na cikin kwano. Kwana uku Nathan na tashi da safe ya tsaya a ƙarƙashin ƙusar da ba komai a jikinta, ya rufe ido ya kira fuskar. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, yanzu in ya kira, mai jan bakin nan ce ke amsawa.

Ranar Lahadi coci ya cika har tagogi, rabin mutanen don Serah, rabi don abin da ba a taɓa gani ba. Kujerar hoto na nan a gaba, wayam. Ana tsakiyar waƙa ta biyu aka ji ham ɗin tasi. Leonard ya shigo da naɗaɗɗiyar fosta a ka, kamar ba ɗan Gbagyi ba, mata suka bi shi da ido. Ya jefa igiya biyu a katakon rufi ya ja ta sama, lulluɓe da zanin gado. Nathan ya yunƙura zai hana, Baba ya dafa masa gwiwa.

"Bar shi. Mutane sun zo kallo."

Leonard ya karɓi makirufo daga hannun fasto tun ba a miƙa masa ba. Ya ce yau Sheda ta shiga zamani. Ya ce kwana uku bai runtsa ba saboda yayarsa, wadda ba wanda ya san ta kamar shi. Ya kasa dijital kashi uku, ya yi bayanin biyu, na ukun ya ce ya fi ƙarfin taro. Ya gode wa Allah, ya gode wa kansa, ya ja zanin.

Ta sauko tun daga rufi har ƙasa, fara sol, tana murmushi da jakar hannunta. A wata kusurwa ta ƙasa ga Leonard kansa cikin kwat, ya harɗe hannu, da lambar wayarsa da rubutun da ya fi na sunan mamaciyar girma.

Tulunan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa a layin gaba ta tambayi ta kusa da ita, da muryar masu nauyin kunne, ko wace ce baƙuwar. Daga baya wani ya ce ko 'yar takara ce. Sai raɗa ta tashi daga ɓangaren mata, ta zagaya coci ta dawo da kai da ƙafa: shekara ta cika, Baba Shekwolo zai sake aure, 'yar unguwar Maitama ya samo, kuma ranar addu'ar matarsa ya zaɓa ya nuna ta. Dangin Serah da suka zo daga Kwali suka fara neman takalmansu. Fasto ya ƙwato makirufonsa, ya sunkuya kusa da Baba, ya tambaya a hankali ko akwai sanarwar da ba a kawo ofis ba. Ya manta bai kashe abin ba. Har masu tsaye a waje sun ji.

Baba Shekwolo ya miƙe. Ya je gaban fostar ya dube ta tun daga sama har ƙasa, kamar mai taya saniya.

"Fasto, shekara talatin da ɗaya na yi da matata, ban taɓa ganin wannan baiwar Allah ba. A tambaye ta ko hanya ta ɓace mata. In kuma wajena ta zo, a ba ta haƙuri. Wannan ko kofin ruwa ba ta taɓa ɗorawa a kafaɗa ba."

Dariya ta tashi tun daga benci na farko ta fita ta taga. Dangin Kwali suka zauna. Leonard ya fara bayanin cewa idon ƙauye sai a hankali yake sabawa da dijital. Mama Helen ta ajiye tulunta ta taso, ta ce masa ya matsa, ya gama nasa. Ta tsaya gaban matar nan ta riƙe ƙugu. Ta ce goshin dai ba laifi, kusan na Serah ne, da tazarar idanu. Sauran duk ƙarya ce. Ta juyo ta tambaya wa ke da gawayi.

Nathan bai san lokacin da ya fita ba. Gidan ba nisa. Ya yaye buhun, ya ɗauko curin yumɓun, mai sanyi da laushi kamar jiya aka kwaɓa, ya haɗa da gawayin murhu a bokiti, ya saɓa a kafaɗa ya dawo.

Aka jawo benci, aka kawo ruwa. Matan zumunta suka naɗe hannun riga. Suka dama yumɓu suka bi fuskar nan da tafin hannu har farin ya mutu, launin Serah ya fito, launin ƙasar da ta ƙare rayuwarta tana juyawa. Wata ta shafe jan bakin da babban yatsa. Wata ta rage gashin ido. Mama Helen ta ja tsaga uku-uku da gawayi, aka yi ta gardama a kan ta tsakiya, ko ta fi sauran tsawo ko daidai suke, har sai da wata gwaggo daga Kwali ta juyo nata kuncin ta ce a duba, wanzami ɗaya ya yi musu. Aka buɗe wushirya da tsinke. Jakar hannu aka lafta mata yumɓu ta koma tulu. Leonard na gefe yana cewa a bi a hankali, ledar daga waje aka kawo ta. Ba wadda ta juyo.

Saura kafaɗa. Nan aka tsaya, don yumɓu ba ya sauke kafaɗa. Nathan ya hau benci ya sassauta igiyar wannan ɓangaren kaɗan. Fostar ta karkata, kafaɗar ta sauko, kan ya ɗan langaɓe yadda take yi in tana sauraron mai ciniki. Kusurwar da Leonard ke ciki ita ce ta zube a ƙasa tana kaɗawa, sai wata mata ta naɗe ta, ta danne da ɗaya daga cikin tuluna shidan nan na waƙa kada iska ta ɗaga. Daga Injiniya babu abin da ake gani sai gwiwar hannu.

Baba ne ya zo a ƙarshe. Ya tsoma ɗan yatsa a jiƙaƙƙen gawayi, ya dafa Nathan ya hau benci, ya ɗiga ƙaramin tabo a ƙarshen girar hagu. Mama Helen ta ce ita ba ta san da wannan ba. Ya ce tartsatsin wutar gashin tukwane ne, shekarar da suka yi aure, sai wanda ya matso kusa yake gani.

Nathan ya ja da baya har tsakiyar coci. Ba hoto ne mai kyau ba. Ido ɗaya ya fi ɗayan girma, yumɓu na ɗiga daga haɓa, kuma ya san kafin Talata zai bushe ya zube. Ya rufe ido. Sai ga ta, ta ɗago daga kan tukunya da gumi a goshi, tana tambayarsa ko ya ci abinci. Ya buɗe, ya sake rufewa don ya tabbata. Tana nan.

Leonard ya lallaɓa ya sake kama makirufo. Ya ce jama'a su gane, wannan shi ne mataki na biyu, dama haka ya tsara tun farko. Ai duk mai ilimi ya san kalmar dijital daga Latin ta fito, daga yatsa, ga shi kuwa da yatsu aka ƙarasa aikin.

Baba Shekwolo yana wanke hannu a bokiti. "Mista Dijita fa? Bajamushen nan mai ƙani."

Leonard ya yi tari. Ya ce ai bawan Allah ya rasu, kwanan nan labarin ya zo.

"Allah ya ba iyalinsa haƙuri," in ji Baba. "In suna da hotonsa, a aika musu su ɓoye."

Mama Helen ta ɗaga hannu ta ja waƙa, tuluna biyar suka amsa. Na shidan yana kan aiki.